Talikin da ba a raɗa wa suna ba: koyar da littafin Frankenstein a Tasawa da Mayahi

A ƙasar Hausa, daga Tasawa har Mayahi, ba a barin jariri ya wuce kwana bakwai ba shi da suna. Ko a gidan da ba halin rago, sai an tara mutane da sassafe, an raba goro, liman ya raɗa suna, wanzami ya yi aski, maroƙi ya ɗaga murya unguwa ta ji. Ma'anar wannan taro kowa ya san ta: uba ne ya tsaya gaban jama'a yana shaida masu cewa wannan nasa ne, cinsa da shansa da tarbiyyarsa duk suna wuyansa. To, akwai wani littafi da wata matashiya Baturiyar Ingila ta rubuta yau fiye da shekara 200, wanda labarinsa duka a kan wani taliki ne da aka kawo duniya aka ƙi yi masa wannan taro. Sunan littafin Frankenstein. Ana koyar da shi a makarantu da jami'o'in ƙasashe da yawa, kuma malamin lakwal da ya yi niyyar kai shi gaban ɗalibansa a jahar Maradi yana da misalai a bakin ƙofarsa waɗanda takwaransa na Landan ko na Pari ba shi da su.

Yadda aka rubuta shi

Marubuciyar, Meri Sheli, an haife ta a Landan cikin watan Agusta na 1797. Uwarta ta rasu kwana 11 bayan haihuwarta. Ita kuma a farkon 1815 ta haifi ɗiya bakwaini, wadda ba ta yi wata guda a duniya ba. Watau tun ba ta cika shekara 18 ba ta san zafin maraici, ta kuma san zafin rashin ɗa.

Cikin watan Afrilu na 1815 wani dutse mai aman wuta da ake kira Tambora ya fashe a Indunisiya, tokarsa ta tashi sama ta rage hasken rana har a Turai. Shekarar da ta biyo, 1816, sanyi da ruwa suka lalata gonaki, hatsi ya yi tsada, yunwa ta shiga ƙauyuka. Mutanen da suka ga 1973 da 1984 ba sai an yi masu dogon bayani ba. A cikin wannan shekara ce Meri da Farsi Sheli, mawaƙin da ta aura daga baya, suka sauka a bakin tafkin Janeba, ƙasar Suwis, kusa da gidan da wani mashahurin mawaƙi, Bairon, ya kama haya. Ruwa ya hana su fita kwana da kwanaki, sai Bairon ya ce kowa ya ƙago labarin ban tsoro. Manyan mawaƙan biyu ba su kai nasu ko'ina ba. Na yarinyar ne ya zama littafi, ya fito ranar 1 ga Janairu 1818, kwafi 500 kacal, ba ma sunanta a bangonsa. An juya shi Faransanci a 1821, ita kuma ta sake gyara shi a 1831.

Ba daga iska ta ɗauko labarin ba. A zamanin nan masana suna ta gwaje-gwaje da lantarki. Wani likitan Italiya, Galbani, ya nuna cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi in an sa mata shi. Wani ɗan uwansa, Aldini, ya gwada haka a Landan a 1803 a kan gawar mutumin da aka rataye, har muƙamuƙin gawar ya motsa, ido ɗaya ya buɗe. Mutane suka shiga tambayar ko wata rana masani zai iya tayar da matacce. Marubutan wannan zamani, waɗanda Turawa ke kira ƴan Romantik, sun fi ba zuciyar mutum da girman dawa da duwatsu muhimmanci a kan lissafi da injuna, kuma suna shakkar masu cewa hankali kaɗai ya isa ya gyara duniya.

Labarin

Biktor Frankenstein ɗan babban gida ne a Janeba. Yana da shekara 17 uwarsa ta rasu, ya tafi jami'ar Ingolstad a Jamus da wannan miki a zuciya. Can ya nutsa cikin bincike har ya gano asirin sa rai ga abin da ba shi da rai. Ya yi kusan shekara biyu a kulle cikin ɗaki, yana tattaro gaɓoɓi daga makabarta da ɗakin fiɗar gawa da mahauta, ba ya zuwa gida, ba ya ko amsa wasiƙun ubansa. Da yake ƙananan jijiyoyi suna ba shi wuya, sai ya yanke shawarar yin abin ƙato, tsawonsa wajen mita 2 da santimita 40, domin aikin ya yi sauri. Wani dare cikin watan Nuwamba, ana ruwa, talikin ya buɗe ido. Biktor ya dube shi, ya ga muninsa, ya fita da gudu. Can cikin dare talikin ya biyo shi har bakin gado ya miƙo masa hannu, Biktor ya sake tserewa, ya kwana a tsakar gida. Da ya komo da safe ya tarar ɗakin ba kowa, sai ya yi ta murna, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Abin da ya biyo baya jini ne. Talikin ya kashe ƙanen Biktor, wani yaro Wiliyam. Aka ɗora laifin a kan Jastin, yarinyar da ke aiki a gidan, aka yanke mata hukuncin kisa, Biktor yana zaune a kotu ya san gaskiya, ya yi shiru don kada a ce ya haukace. Daga baya talikin ya roƙe shi ya yi masa mata irinsa, ya yi alkawari za su tafi dajin Amurka ta Kudu ba za a sake ganinsu ba. Biktor ya yarda, ya fara aikin a wani tsibiri arewacin Sikotlan, sa'an nan ya tsorata kada su hayayyafa, ya yayyaga ta a gaban idon talikin. Daga nan talikin ya kashe amininsa Kilarbal, ya kashe amaryarsa Elizabet a daren aurensu, baƙin ciki ya kashe ubansa. Biktor ya bi sawunsa har ƙarshen arewacin duniya inda teku ke daskarewa, can wani matuƙin jirgin ruwa, Kaftin Walton, ya tsince shi rai a hannun Allah. Walton ne ke rubuta wa ƴar'uwarsa labarin duka cikin wasiƙu.

Tambayar farko da ɗalibai za su yi

Ba shakka, kafin malam ya rufe baki wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce ai laifin Biktor a fili yake: ya shiga hurumin Allah, domin ba mai sa rai sai Shi. Magana ce mai nauyi, kuma Turawan 1818 da yawa haka suka ɗauki littafin. Ita kanta marubuciyar ta ƙara ƙarfafa wannan ɓangare a bugun 1831. Malam ya karɓi amsar da girmamawa. Amma in ya tsaya nan, darasi ya ƙare cikin minti biyar, kowa ya tashi da jin cewa abin bai shafe shi ba, tun da ba wanda ke haɗa gawa a ɗakinsa a Mayahi.

Abin da ya kamata shi ne malam ya mai da su ga daren nan na Nuwamba, ya tambaye su: a sa'ar da talikin ya buɗe ido, wane laifi ya yi? Bai taɓa kowa ba. Bai san wuta ba, bai san yunwa ba, bai san kalma ko ɗaya ba. Ya miƙa hannu ga wanda ya yi shi, kamar yadda jinjiri ke yi. Mai aikin ne ya gudu, kuma bai nemi inda abin ya shiga ba har shekara biyu, sai da gawar ƙanensa ta tilasta shi. Aiki ya riga ya auku. Me ya wajaba a kan Biktor da gari ya waye? Wannan ita ce tambayar da ta shafi injiniya da likita da malamin gona da duk ma'aikacin da ke sa hannu a takardar furoje.

Nan ma malam zai gamu da matsalar kalma. In ya ce "dodo", ya yanke hukunci tun ba a saurari ƙara ba, domin yaron da ya tashi da tatsuniya ya san abin da ake yi wa dodo. Sinimar Amurka ta 1931 ce ta cika duniya da hoton wani ƙato mai gurnani wanda ba ya magana, har mutane suka ɗauka shi ne Frankenstein, alhali sunan mai aikin ne. Talikin littafi kuwa ya fi Biktor iya zance, kuma har ƙarshe ba shi da suna. Kalmar "taliki" ta fi dacewa, don tana barin ƙofa a buɗe.

Ɗalibin yaƙi da jahilci

Akwai wani yanki a tsakiyar littafin da waɗanda suka koyi karatu da girma za su gane fiye da kowa. Bayan mutanen wani ƙauye sun kore shi da jifa, talikin ya laɓe cikin wata ƴar rumfa da ke jingine da gidan wasu matalauta: wani tsoho makaho, da ɗansa Filiks, da ɗiyarsa Agata. Ta wata ƴar kafa a bango yake leƙensu. Da fari yana satar abincinsu. Da ya lura su ma da yunwa suke kwana, sai ya bari, ya koma cin ƴaƴan itace, yana kuma tashi da dare ya saro masu itacen wuta ya ajiye a bakin ƙofa. Sai ga wata baƙuwa, Safiya, ɗiyar wani attajiri Baturke, ta zo ba ta jin harshensu. Filiks ya shiga koya mata magana da karatu, talikin kuma yana bayan bango yana bin darasi harafi harafi, ba allo, ba alli, ba wanda ya san da shi, har ya wuce ta.

Ya tsinci littattafai uku a daji ya karanta. Amma abin da ya juya rayuwarsa wasu takardu ne da ke cikin aljihun rigar da ya ɗauko daga ɗakin Biktor. Ya daɗe yana yawo da su bai san mene ne ba. Da ido ya buɗe sai ya ga littafin aikin Biktor ne, inda ya rubuta yadda ya haɗa shi rana rana, da irin ƙyamar da yake ji. A nan ya san sunan mai shi da garinsu. Duk wanda ya taɓa ajiye takardar asibiti ko ta haraji ko ta gona shekaru a cikin akwati, sa'an nan wata rana ya karanta ta da kansa ya gane abin da aka rubuta a kansa, ya san abin da ake nufi. Karatu ne ya ba talikin ikon tsayawa gaban Biktor ya nemi hakkinsa da hujja.

Ƙarshen zamansa a wurin ba daɗi. Ya jira ranar da tsohon ke shi kaɗai, ya shiga ya gaishe shi, tsohon ya saurare shi da kyau da yake ba ya gani. Suna cikin haka yaran suka komo, Agata ta suma, Filiks ya hau shi da sanda. Daga baya ya ceci wata yarinya daga kogi, aka saka masa da harsashi. Sai bayan wannan duka ya fara kisa. Kada malam ya wanke shi: Wiliyam yaro ne, Jastin ba ta ci ba ta sha ba, kuma da gangan ya sa mata shaidar ƙarya a aljihu. Amma a bar ɗalibai su yi shari'ar da kansu, wasu su tsaya wa Biktor, wasu su tsaya wa talikin, wasu kuma su tsaya wa Jastin, wadda yawanci ake mantawa da ita.

Tibiri da Kano

A garin Tibirin Gobir, kusa da Maradi, an buɗe wata rijiyar foraji a 1985 domin ba gari ruwan fanfo. Aikin alheri ne, mata suka huta da guga. Ashe ruwan yana ɗauke da wani sinadari na cikin ƙasa da ake kira fuluwor. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, mai yawa kuwa yana ɓata haƙori da ƙashi, musamman na yaro mai tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita guda. Na Tibiri ya ninka haka sau uku zuwa huɗu. Ba shi da wari, ba shi da launi, sai awo kaɗai ke nuna shi. Shekara wajen 15 ana shan ruwan nan. Yara dubbai haƙoransu suka rine, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu ba su iya tafiya. Sai wajen shekara 2000 lamarin ya fito fili sosai, kuma a 2002 ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta duniya, FIDH, tare da ta Nijar, ANDDH, suka fitar da rahoto a kansa.

Ba wanda ya gina wannan rijiya da nufin cuta, kuma ba mai hankalin da zai ce a daina gina foraji a Mayahi, inda a wasu ƙauyuka sai an yi gaba da yawa kafin a taɓa ruwa. Abin tambaya shi ne na safiyar da ta biyo bikin buɗewa: wa aka ɗora wa awon ruwan, sau nawa a shekara, wa ke karanta sakamakon, kuma da iyaye suka fara kai yara asibiti wa ya saurare su?

A Kano kuwa, a 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 200 aka sa cikin gwajin, wajen rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren farko, 6 daga na biyu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Masu gwajin sun yi makonni kaɗan suka koma ƙasarsu. Iyaye suka ce ba a gaya masu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ya sami yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Amma akwai asarar da kuɗi ba su biya: a 2003, da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane suka riƙe, cutar kuma ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta.

Kada ɗalibi ya fita aji yana tsoron allura. Ilimin nan dai shi ne ya kawo rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara yi wa jama'a a Burkina da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, bayan shekaru ana gwada shi tare da likitocin Afirka, kuma tun daga nan nau'in sanƙarau da ake kira A, wanda ya fi kisa a da, ya kusa ɓacewa.

Kaftin da mutanensa

Saura Walton, wanda masu karatu kan yi saurin wucewa. Shi ma mai neman suna ne: yana so ya zama na farko da ya kai inda ba a taɓa kaiwa ba. Ƙanƙara ta kama jirginsa, sanyi ya fara kashe ma'aikata, suka zo suka ce in hanya ta buɗe sai dai a juya kudu. Biktor, yana kwance yana jiran mutuwa, ya tashi ya yi masu huɗuba a kan jaruntaka, wai kada su koma gida da kunya. Har a wannan hali bai gama koyon darasinsa ba. Walton dai ya juya, ransa a ɓace.

Yaran Tasawa suna da nasu kaftin. A 1899 Faransa ta saki rundunar Voulet da Chanoine ta nufi tafkin Cadi, ba isasshen guzuri, sai abin da suka ƙwata a hanya. Suka ƙona garuruwa, suka yi kisan gilla a Birnin Konni. Da labari ya kai Pari aka aiko Laftanan-Kanal Klobb, ya yi ta bin sawunsu ta kufai da gawawwaki har ya cim masu a Dankori, inda Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya masu baya suka kashe su biyun, kuma kaburburansu suna nan a Maijirgi, gabas da Tasawa kan hanyar Damagaram. Ɗalibi mai kaifin kai zai ce Faransa ce Biktor, rundunar ce talikin. Kwatancin yana tafiya ta gefe ɗaya, wajen wanda ya saki abu sa'an nan ya zo yana bin sawunsa. Ta ɗaya gefen kuwa yana ɗingishi, domin Voulet ba maraya ne da aka kora da sanda ba, da saninsa da galansa ya yi abin da ya yi. Gano inda kwatanci ya tsaya shi ma darasi ne, kuma ya fi kyau ɗaliban su gano shi da kansu.

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Littafin Meri Sheli ya daɗe da fita daga hakkin mallaka, watau kowane malami ko ma'aikacin yaƙi da jahilci yana da izinin juya shi Hausa ba tare da ya biya kowa ba. Bugun 1831 wasiƙu 4 ne da babi 24. In ana karanta babi guda kowane mako, daga Oktoba zuwa Yuni an gama shi, har da ragowar makonni na shari'ar Biktor. Inda lokaci bai isa ba, a fara da babi na 5, daren da talikin ya buɗe ido, sa'an nan na 11 zuwa na 16, inda yake ba da labarinsa da bakinsa.